Jan da ya ƙi zama a takarda: nazarin aikin wata ɗaliba mai ɗaukar hoton zallar launi

Ta shigo da kyamara a hannu ɗaya, takarda a ɗaya hannun, ta ajiye su a gabana. "Malam, ɗaya daga cikin biyun nan ƙarya yake yi mini," in ji ta. Na duba ɗan allon da ke bayan kyamarar, na ga wani ja mai ruruwa kamar garwashi, yana gangarowa a hankali zuwa ruwan goro ta gefen dama. Na duba takardar, wadda aka wanke daga wannan hoton dai, sai na ga wani faffaɗan tabo mai launin jan bulo, ba zurfi, ba motsi, ga wasu ɗigo masu duhu warwatse a samansa kamar ƙuda ya bi ta kai.

Ɗalibata ce a ajin koyon ɗaukar hoto, kuma tana cikin masu ƙwazo. Ta iya ɗaukar fuskar mutum, ta iya ɗaukar gini, hotunanta kan fito tsaf. Wannan karon ta zaɓi wata hanya dabam, wadda nake kira hoton zallar launi: hoton da ba a ɗauka don mai kallo ya gane mene ne aka ɗauka, sai don ya tsaya a kan launi da siffa da yadda haske ke tafiya a cikinsu. Hanyar ta daɗe. Tun a 1917 Alvin Langdon Coburn ya haɗa madubai uku a gaban gilashin kyamararsa ya fitar da hotunan da ba a gane komai a cikinsu sai tsage-tsagen haske, sai dai nasa fari da baƙi ne. Ita launi take nema, kuma a cikin launuka ja ta ɗauka.

Na rubuta wannan lamari dalla-dalla ne saboda kusan duk wanda ya shiga irin wannan aiki da kyamarar zamani yakan ci karo da abin da ta ci karo da shi, kuma yawanci yakan ɗora laifin inda ba nan yake ba. Ni ma haka na yi a ranar farko. Ina ganin takardar na ce mata masu wankin hoton ne suka ɓata aikin, ta koma su sake. Ta koma, suka sake, ya fito yadda ya fito da farko. Sai a lokacin na ce ta kawo mini fayil ɗin kansa, ta kuma nuna mini yadda take aikin tun daga tushe.

Yadda take ɗaukar hoton

Tsarin nata mai sauƙi ne kuma yana da kyau. Takan rataye yankakkun yadi shara-shara a jikin taga, ja da ruwan goro da wani ja mai shiga shunayya, wani a kan wani, yadda hasken rana zai ratso su ta baya. Sai ta tsaya kusa, ta cika idon kyamarar da yadin har ba a ganin taga ko bango, ta danna, ta ja kyamarar gefe yayin da marufin da ke barin haske ya shiga yake buɗe. Motsin kan shafe zaren yadin da ɗinkinsa, ya bar launi yana kwarara.

Don marufin ya daɗe a buɗe ga haske mai ƙarfi haka, ta sauke ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamarar, zuwa 100, ta tsuke ƙofar haske zuwa f/22, abin da ya ba ta kwatan daƙiƙa. Sauran al'amura kuwa ta bar wa kyamarar: ita ke auna haske, ita ke daidaita fari, ita ke ajiye hoton a matsayin JPEG, wato fayil ɗin da kyamara ta riga ta sarrafa ta matse, kuma an saita ta a kan salon da ke ƙara wa launi kauri. Da na tambaye ta dalilin wannan salo, sai ta ce, "Ai launi nake so, Malam, shi ya sa na ƙara." Magana ce mai ma'ana, kuma a nan ne rabin matsalar ta kwanta.

Muka buɗe hotunan a jere a kwamfuta. Abu na farko da ya bayyana, tun kafin a shiga cikin kowane ɗaya, shi ne ba su yi kama da juna ba. Yadi ɗaya, taga ɗaya, an ɗauke su cikin mintuna kaɗan, amma wannan ja ne mai ɗumi, na kusa da shi ya koma wajen ruwan hoda, na gaba kuma ya dushe kamar an wanke shi da toka.

Kyamara tana neman fari

Idon mutum yana da wata baiwa: farar takarda fara ce a gare shi ko a rana ko a ƙarƙashin ƙwan fitila, alhali hasken biyu ba launinsu ɗaya ba. Ana auna wannan bambanci da ma'aunin Kelvin. Hasken rana tsaka yana wajen 5500, tsohon ƙwan fitila mai zare yana wajen 2700 zuwa 3200, inuwa a ƙarƙashin shuɗin sama takan haura 7000. Kyamara ba ta da wannan baiwa, don haka aka koya mata dabara: ta duba abin da ke gabanta, ta nemi wani abu fari ko toka-toka, ko ta ɗauka cewa idan aka gauraya launukan wurin gaba ɗaya za su tashi kusan ruwan toka. Idan ta ga sun karkata wajen ja, sai ta ce hasken wurin ne ja, ta zuba shuɗi da kore don ta gyara.

A titi ko a ɗaki dabarar tana aiki. A gaban jan yadin da ya cika ido kuwa babu fari ko ɗigo, sai kyamarar ta shiga gyaran abin da ba ya buƙatar gyara. Kuma da yake duk jan hannu yana canza yawan ja da ruwan goro da ke shiga, kowane hoto da irin nasa gyaran. Maganin bai ɗauki minti ɗaya ba: muka cire ta daga daidaita fari da kanta, muka kafe ta a 5500. Daga nan jan ya tsaya wuri ɗaya.

Na ɗauka mun gama. Ashe allura ce za ta tono garma.

Inda jan ya ƙone

Na faɗaɗa hoton da ta fi so, na ɗora ma'aunin launi a tsakiyarsa. A hoton JPEG kowane ɗigo yana da lambobi uku, na ja da na kore da na shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Na ja yana kan 255. Na matsa hagu, 255. Na matsa sama, 255. Fiye da rabin hoton lambar ja ba ta motsa ba. Ma'ana duk wani hawa da sauka da ke cikin yadin, inda ya ninku ya yi duhu da inda haske ya fi ratsa shi, an danne su a lamba ɗaya. Wannan ne tabon da muka gani a takarda. Firinta ba ta ƙirƙiro shi ba, abin da aka ba ta ta fitar.

"To amma na duba jadawalin haske, Malam, bai taɓa bango ba," in ji ta. Tana nufin zanen da kyamara ke nunawa na yadda haske ya rarrabu a hoto, wanda idan ya taɓa bangon dama alama ce ta ƙonewa. Gaskiya ta faɗa, kuma na yi murna da ta saba dubawa. Sai dai jadawalin da take dubawa na jimillar haske ne, kuma a lissafin jimillar haske launuka uku ba rabo ɗaya ake ba su ba. Kore ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka, wajen 59 cikin ɗari a lissafin da aka daɗe ana amfani da shi, ja wajen 30, shuɗi wajen 11, saboda haka idon mutum yake ji da hasken kore fiye da sauran. To ka ɗauki ɗigon da jansa ya cika maƙil a 255, korensa da shuɗinsa suna ƙasa can. A jimilla zai fito a matsayin haske matsakaici, har ma mai ɗan duhu. Jadawalin zai zauna lafiya a tsakiya alhali ja ya riga ya ƙone.

Wannan lissafi ne kuma ya yaudari ma'aunin hasken kyamarar. Shi aikinsa ya mayar da duk abin da ya gani matsakaici, kamar katin nan mai ruwan toka da masu ɗaukar hoto ke yawo da shi, wanda ke mayar da kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. Ya ga ja, ya ɗauke shi abu mai duhu, ya ƙara haske. Sannan salon ƙara kaurin launi ya zo ya tura jan gaba. Abu uku suka taru a kan launi ɗaya.

A nan na ɗan tsaya na yi mata bayanin cikin kyamarar, don ina ganin wanda launi ne kayan aikinsa ya kamata ya san wannan. Farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara bai san launi ba, yawan haske kawai yake ƙirgawa. Don a samu launi sai aka shimfiɗa masa wani rariya mai ƙananan tagogi ja da kore da shuɗi, tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya ƙirƙira, aka ba shi rajistar mallaka a 1976. A kowane tagogi huɗu, biyu kore ne, ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Wato idan ka ɗauki abin da yake ja zalla, kashi ɗaya cikin huɗu na farantin ne ke yin yawancin aikin, sauran kyamarar ce ke cikewa da lissafi. Bayan haka, a hasken rana, yawancin kyamarori sai sun ninka abin da tagogin ja suka karɓa kusan sau biyu kafin fari ya fito fari. Wannan na ƙarshen labari ne mai daɗi a ɓoye: sau da yawa jan bai ƙone a kan farantin ba, a wajen ninkawa da matse shi cikin JPEG ne ya ƙone. Da a ce ta ajiye ɗanyen fayil wanda kyamara ba ta sarrafa ba, wato RAW, da an ceto da yawa daga cikin hotunan. Ba ta ajiye ba. Aikin makonni ya tafi, kuma na ga yadda abin ya taɓa ta.

Muka canza abu huɗu. Ta koma ajiye RAW. Ta sauke salon launi zuwa wanda ba ya ƙari, domin hoton da ke fitowa a bayan kyamara da jadawalinsa duk daga wani ɗan JPEG ake gina su ko da RAW kake ɗauka, don haka salon da ka zaɓa yana shafar abin da jadawalin zai gaya maka. Ta kunna jadawali mai gida uku, ja dabam, kore dabam, shuɗi dabam, ta daina kallon komai sai na ja. Sannan ta rage haske da mataki ɗaya cif, wato ta rage shi da rabi. Hoton ya yi mata duhu a bayan kyamara, har ta yi ƙorafi. Da muka buɗe shi a kwamfuta sai ga ninkin yadin ya dawo, jan ya rabu gida-gida, daga mai duhu kamar busasshen jini har zuwa mai haske kamar bakin wuta.

Akwai wata illa ta JPEG da ta nuna kanta a tsofaffin hotunan lokacin da ta yi ƙoƙarin gyara su. Inda ja ke sauka zuwa ruwan goro, maimakon ya gangara sumul, sai ya fito hawa-hawa kamar matakala. Dalili shi ne matakai 256 kacal kowane launi yake da su, kuma a hoto irin nata ba dukkansu ake amfani da su ba. Wataƙila hamsin ne ke ɗauke da gangarar da ta ratsa dubban ɗigo. Kana ja su don ƙara bambanci sai gibin da ke tsakaninsu ya buɗe. A hoton kasuwa ko na daji ba wanda zai lura, tarkacen abubuwa sun rufe. A fili sumul babu wurin ɓuya. Ɗanyen fayil na yawancin kyamarori yana da matakai 4,096 ko 16,384, kuma idan aka yi gyaran a zurfin bit 16, wanda ke riƙe dubban matakai, matakalar ba ta tasowa.

Ɗigon nan masu kama da kashin ƙuda kuwa ƙura ce a kan gilashin da ke rufe farantin. Tana nan tun da daɗewa, ba ta taɓa ganinta ba saboda a buɗaɗɗiyar ƙofar haske inuwarta kan baje ta ɓace. A f/22 haske yana shigowa a tsuke, sai kowace ƙwayar ƙura ta yi inuwa mai kaifi, kuma ita kaɗai ce ba ta motsi idan an ja kyamara. Aka goge farantin. Na kuma ba ta aron baƙin gilashin rage haske mai mataki shida, wanda ake ɗaurawa a gaban gilashin kyamara. Da shi ta buɗe ƙofar zuwa f/8, kuma duk da ragin mataki ɗayan nan ta samu daƙiƙa ɗaya cur a maimakon kwata.

Hotuna sun gyaru, amma ba sa riƙe ido

Bayan mako biyu ta dawo da sabon jeri. Babu ƙonewa, babu matakala, babu ƙura. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana kallon fuskata. Kafin in buɗe baki ta riga ni: "Ba su da rai, ko Malam?" Na ce mata haka ne. Wannan ɓangaren ya fi na baya wuya, don babu maɓallin da za a murɗa.

Abin da ke cikin kowane hoto ja ne daga kusurwa zuwa kusurwa, da ɗan ruwan goro, duk suna tafiya gefe guda da sauri ɗaya. Ido kan shiga ta hagu ya fice ta dama bai ci karo da komai ba. Ta lura kuma da wani abu da kanta: duk lokacin da ta daɗe tana gyaran hoto, sai ta ga jan yana raguwa, sai ta ƙara masa kauri, washegari ta buɗe ta tarar ta wuce gona da iri. Na sa ta ta ƙura wa jan ido na rabin minti sannan ta juya ga farin bango. Ta ga wani fili shuɗi mai shiga kore yana yawo a bangon. Ƙwayoyin ido masu karɓar ja sun gaji, shi ya sa. Idon da aka cika da ja zalla yana daina jin jan tun yana kallonsa.

Sai na ba ta labarin Michel Eugène Chevreul, masanin haɗa sinadarai na Faransa da aka naɗa shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins da ke Paris a 1824. Masaƙa suna ta kuka da baƙin zaren da ake rina musu, wai ba ya yin baƙi sosai. Ya gwada zaren ya tarar rinin lafiya lau yake. Launukan da ake saƙawa kusa da shi ne ke canza yadda ido ke ganinsa. Ya bi wannan har ya fitar da ƙa'ida a 1839: launi biyu idan suka yi maƙwabtaka, kowanne yana tura ɗan'uwansa nesa da kansa. Ja kusa da ruwan goro yakan yi sanyi ya karkata wajen shunayya. Ja kusa da kore mai shiga shuɗi kuwa yakan tashi tsaye kamar an hura masa wuta. Ta yi makonni tana neman ƙarin ja a cikin kyamara da kwamfuta, alhali abin da jan ke buƙata maƙwabci ne.

Ta ƙi da farko. Ta ce jerin na ja ne, ba ta son wani launi ya shigo ya raba hankali. Ban matsa mata ba, don aikinta ne, kuma akwai masu yin hoto da launi ɗaya tak ya yi kyau. Na ce kawai ta gwada sau ɗaya. Ta samo wani siririn ƙyalle, faɗinsa bai fi yatsu biyu ba, launinsa tsakanin kore da shuɗi, ya ma ɗan koɗe, ta rataye shi can gefe. Ina tsaye a bayanta lokacin da hoton farko ya fito. Ƙyallen ya zama wani siririn zare mai sanyi a kusan kashi ɗaya cikin goma na faɗin hoton, jan da ke jikinsa kuma ya yi wani irin ƙarfi da ba mu taɓa samu ba, ba tare da an taɓa ko lamba ɗaya ba. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ashe koɗaɗɗen ya fi." Ta riga ni ganin wannan. Da ƙyallen mai kauri ne da ya yi kokawa da jan, shi kuwa wannan tallafa masa ya yi.

Abu na biyu motsin hannu ne, kuma a nan daƙiƙa ɗayan nan ta yi rana. A kwatan daƙiƙa ba abin da hannu zai iya sai fizga. A daƙiƙa ɗaya akwai farko da tsakiya da ƙarshe. Na nuna mata hotunan Ernst Haas, ɗan ƙasar Ostiriya da ya koma Amurka, wanda mujallar Life ta buga masa shafi 24 na hotunan New York masu launi a 1953, kuma gidan adana kayan fasahar zamani na birnin ya yi masa baje koli shi kaɗai a 1962, tun lokacin da manyan masu hoto da yawa ke ganin launi na 'yan talla ne. A hotunan da ya ɗauka na wasan bijimi a Sifaniya komai ya narke cikin motsi, amma kusan kullum akwai wani wuri ɗaya da ya fi sauran tsayuwa, inda ido ke dafawa kafin ya bi sauran. Haka ma Saul Leiter, wanda ya riƙa ɗaukar titunan New York ta cikin gilashi mai raɓa: rabin hoton ya dushe, amma akwai baki ɗaya mai kaifi.

Sai ta koyi tsayawa kafin tafiya. Ta danna, ta riƙe kyamarar cik na kusan rabin lokacin, sannan ta ja. Tsayuwar kan bar gefen yadi ɗaya a fili, jan kuma ya kwarara daga jikinsa. Ta kashe na'urar hana rawar hannu, don ta lura tana kokawa da ita a farkon motsi, tana sa wata 'yar gargada a layin. Ta gano cewa juyawa daga ƙugu ta fi ja da wuyan hannu santsi. Ta gano cewa tafiya a karkace ta fi ta kwance motsa rai. Waɗannan ba ni na koya mata ba. A zama ɗaya takan ɗauki hoto fiye da ɗari ta ajiye biyu ko uku, kuma ban ga aibu a wannan ba. Wasu na cewa irin wannan aiki sa'a ce kawai. Ni da na ga hannunta a makon farko na kuma gan shi a na shida, na san akwai gwaninta a ciki, kuma zaɓen biyu daga ɗari ma aiki ne na ido. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Komawa ga takarda

Saura inda aka faro. Allo haske yake fitarwa, takarda kuwa hasken ɗaki take mayarwa bayan tawada ta shanye wani sashe, don haka akwai jan da allo zai nuna wanda takarda ba za ta taɓa kaiwa ba. Allon nata ma a ƙure yake da haske. Muka rage shi har farinsa ya yi daidai da farar takarda da aka riƙe kusa da shi a hasken ɗakin, sai ta ga hotunan sun fi yadda take zato duhu, ta ɗaga su kaɗan.

Sannan batun iyakar launi. Tsarin launi na sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka fitar a 1996, shi ne abin da yawancin alluna da intanet ke aiki da shi, kuma da'irarsa ƙarama ce. Adobe RGB na 1998 ya fi shi faɗi, amma faɗin nasa ya fi yawa ta wajen kore da shuɗi mai shiga kore, wanda ya amfani siririn ƙyallen nan fiye da jan. Ta yi gyaranta a da'ira mafi faɗi, ta karɓi fayil ɗin ICC, wanda ke bayyana launukan da firinta da takardar da za a yi amfani da su za su iya fitarwa, daga wurin masu wankin, ta sa manhajar ta nuna mata yadda hoton zai kasance a takarda da kuma wuraren da suka fita daga iyaka. Manhajar ta shafa musu toka don a gane su. Jan tsakiya yana ciki. Jan nan mai shiga shunayya da ke gefen sama kuwa kusan duk ya fita.

Hanya biyu ce a gabanta. Ko ta bar manhajar ta matse launukan hoton gaba ɗaya don su shiga iyaka tare, jan tsakiya ya ɗan yi sanyi amma gangarar ta tsira, ko ta bar na ciki yadda suke a datse na waje a bakin iyaka, gefen saman ya koma tabo kamar na ranar farko, sai dai ƙarami. Muka sa aka wanke ƙananan gwaji na kowanne, a takarda mai sheƙi da marar sheƙi. Mai sheƙi ta riƙe jan da baƙin sosai, sai dai tana ɗaukar hoton taga da fuskar mai kallo ta ɗora a kan aikin. Marar sheƙi ta sha launin kaɗan, amma jan ya zauna a cikinta kamar rini a yadi.

Ni mai sheƙi na zaɓa, na kuma faɗa mata dalilina. Ita ta ɗauki marar sheƙi da matsewar gaba ɗaya, ta rage kaurin shunayyar da hannunta kafin a kai, don kada manhaja ta yanke mata hukunci a wurin. Ta ce daga yadi hoton ya fito, tana so ya koma kama da yadi.

Da aka kawo babban, muka jingine shi a bango nesa da taga, muka ja baya. Jan bai kai na bayan kyamara ruruwa ba, kuma shunayyar gefen sama ta fi wadda ta gani da idonta a jikin taga duhu. Ta matsa kusa, ta bi siririn layin koren da yatsa ba tare da ta taɓa takardar ba, tun daga inda ya tsaya da kaifi har inda ya narke. Sannan ta ciro ɗan littafinta ta rubuta lambobin da ta yi aiki da su, 5500, f/8, daƙiƙa ɗaya, ragin mataki ɗaya, ta tambaye ni ko shuɗi ma haka zai wahalar da ita. Na ce mata kasonsa a lissafin haske bai kai rabin na ja ba, don haka ta fara da kunna jadawalinsa tun kafin ta rataye yadin.